Amurka: Sassaucin da ya tsawaita ran tashar nukiliya ta Diablo Canyon

A watan Maris na shekarar 2023, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Amurka, wato NRC, ta ɗage wa tashar wutar lantarki ta Diablo Canyon da ke jihar Kalifoniya wata ƙa'ida, matakin da ya jawo muhawara kan iyakar ikon hukumar na sassauta dokokinta.

A Amurka, ana ba tashar nukiliya lasisin shekara 40 ne da farko, daga bisani kuma ana iya ƙara mata 20. Doka ta ce idan kamfani ya nemi sabuntawa aƙalla shekara biyar kafin wa'adinsa ya cika, to yana iya ci gaba da aiki har hukumar ta yanke shawara. An tanadi wannan lokaci ne domin masu bincike su auna tsufan na'urori kafin tsohon lasisi ya ƙare.

Kamfanin PG&E mai tashar bai cika wannan sharaɗi ba. Ya nemi sabuntawa a 2009, amma ya janye buƙatar a 2018 bayan an amince a rufe tashar. Sai ga shi a 2022 majalisar dokokin Kalifoniya, saboda fargabar ƙarancin wuta a lokacin zafi, ta zartar da dokar ci gaba da aikin tashar har zuwa 2030. A lokacin kuwa wa'adin injin farko zai cika ne a 2024, na biyu kuma a 2025.

Hukumar ta amince tashar ta ci gaba da aiki, muddin kamfanin ya gabatar da sabuwar takarda kafin ƙarshen 2023, abin da ya yi a watan Nuwamba. Hujjarta ita ce dokokinta sun ba ta ikon yin sassauci a yanayi na musamman, idan babu barazana ga lafiyar jama'a, kuma sufetocinta na nan suna sa ido a kan tashar.

Ƙungiyoyin kare muhalli, ciki har da Friends of the Earth, sun garzaya kotu. Sun daɗe suna nuna damuwa cewa tashar na kusa da wuraren da ƙasa ke tsagewa, ciki har da wani da aka gano a 2008. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da ƙarar a 2024.

Abin lura shi ne sassaucin bai ba tashar sabon lasisi ba, kuma bai soke bincike ba. Abin da ya sauya shi ne jerin matakan: ya halatta wa tashar ta wuce wa'adinta ko da ba a kammala binciken ba. Masu goyon baya na cewa rufe tashar da ke samar da kusan kashi 9 cikin 100 na wutar jihar saboda lattin takarda ba hikima ba ce. Masu adawa kuwa na ganin cewa ƙa'idar da ake ɗagewa duk lokacin da buƙatar wuta ta matsa, ta fara rasa ƙarfinta.

Ba wannan ne karon farko ba, domin tashar Oyster Creek da ke jihar New Jersey ta samu irin wannan sassauci a 2004. Yayin da yawancin tashoshin Amurka suka tsufa, buƙatar wuta kuma ke ƙaruwa, amincin jama'a ga hukumar zai dogara ne kan ko sassauci zai tsaya a matsayin lalura, ko kuwa zai zama al'ada.