RA'AYINMU: Dogon Hutu Ya Ƙarato, Ina Za Mu Kai Matasanmu?

Ga damina ta kankama, makarantu kuma sun kusa sallamar ɗalibai zuwa dogon hutu. Magidanci yakan zauna ya yi lissafin kuɗin taki da na 'yan ƙwadago da na zangon karatu mai zuwa, amma da wuya ka sami wanda ya yi lissafin inda ɗansa mai shekara 15 zai ƙarar da waɗannan makonni, ko da wa zai ƙarar da su. Wannan gafala ce babba, domin wanda uba ya bari babu shiri, to majalisar bakin titi da wayar hannu sun riga sun yi masa nasu shirin.

Iyayenmu sun san maganin abin tun kafin a ba shi suna. Da an yi hutu, mutumin Ƙaura Namoda da ke aiki Kaduna ko Kano yakan tattaro iyalinsa ya kawo su gida, ranar Alhamis a ci kasuwar Shinkafi, a ratsa Zurmi a gaida dangi, yara su taya noma, su koma da guzurin gero da labarai.

Fa'idar farko tana cikin tafiyar kanta. A gida uba yakan fita da sassafe ya dawo bayan lisha, ga kunyar da al'ada ta gitta tsakaninsa da ɗan da ya balaga, balle ɗan fari, har ya zamanto maganarsu ba ta wuce aike da faɗa. Amma a hanya suna kujera ɗaya. Yaro zai ga yadda ubansa ke ciniki, da yadda yake haƙuri idan mota ta lalace, da yadda ba ya barin salla ta kuɓuce masa saboda uzurin tafiya. Idan an isa, zai ga mutumin nan da kowa ke shakka a gida yana sassauta murya gaban yayarsa, ana aikensa yana zuwa. Lalle darasin ladabi guda irin wannan ya fi nasiha ɗari da ake yi da tsawa. A nan ne kuma matashi yakan saki jiki ya faɗi abin da ke damunsa, in uban ya iya yin shiru ya saurara.

Sannan ga zumunci. Yau akwai samari da suka san sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf, alhali ba su iya bambance baffa da kawu a cikin danginsu, ba su taɓa taka iyakar gonar kakansu ba. Duk wanda ya taɓa zaman kotu ya ji shari'ar gado ya san ƙarshen wannan jahilci: 'yan'uwan jini su haɗu karon farko a gaban alƙali. Kuma kada a ɗauka maganar ta maza ce kaɗai. Kuskure ne a tafi da samari a bar 'yan mata gadin gida, ga shi su ne gobe za su riƙe igiyar zumuncin.

Ƙasarmu kuwa makaranta ce ga mai ido. A nuna wa yaro tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa da Gusau ya iso a 1929, a gaya masa irin gyaɗa da audugar da aka yi lodi a wurin. A sanar da shi Namoda, jarumin Alibawa da garin ya ci sunansa, da alaƙar gidansu da Zurmi. A tuna masa cewa Shehu Usmanu ya shafe kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara tare da ƙanensa Abdullahi, wanda ya shiga hannunsa tun yana ɗan shekara 13, kuma rakiyar tafiye-tafiye tana cikin abin da ya gina shi.

Mun san abin da mai karatu zai ce: ina hanyar take? Gaskiya ne. 'Yan bindiga sun mai da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi abin fargaba shekara da shekaru. Ba mu manta da kwashe ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021 ba, ko watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a jihar. Ba ma kiran kowa ya jefa iyalinsa cikin halaka. Abin da ke ba mu tsoro shi ne uzurin gaskiya ya rikiɗe ya zama ɗabi'a, a wayi gari 'yan bindiga sun raba mu da dangi bayan sun raba mu da shanu da gonaki.

Wanda ƙauyensu ba ya shiguwa, ya binciki inda danginsa suka yi hijira, domin da yawansu suna cikin Ƙaura ko Gusau ko Sakkwato, wasu a ɗakin haya, wasu a kangon wani, kuma sun fi bukatar ziyara yanzu fiye da lokacin da rumbunansu ke cike. Kwana biyu ma tafiya ce. A tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a tashi, a yi tafiyar da rana tsaka, a guji sammako da yamma. A damƙa wa matashin kuɗin mota da tsaraba ya riƙe, ya kawo lissafi bayan an dawo, a kuma sa shi ya zauna gaban tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangi, da takarda da alƙalami, ta lissafo masa kakanninsa yana rubutawa.