Kafin A Gina Kufai, A Tambayi Tsofaffi

Zancenmu na makon nan a kan filin da guba ta ɓata ne, yadda ake gane shi, da yadda ake komo da shi ga amfani. Zan ɗauko misali daga nesa, sa'an nan in komo gida.

Can ƙuryar arewacin Amurka akwai wata ƙasa mai tsananin sanyi, sunanta Alaska. 'Yan asalin ƙasar da yawa mazauna ƙauyuka ne, abincinsu kifi da naman farauta. A 1971 Gwamnatin Amurka ta yi doka ta damƙa musu ƙasa wajen eka miliyan 44. Ashe cikin abin da aka ba su har da tsofaffin barikokin soja, da ramukan ma'adinai, da ma'ajiyar mai, inda aka tashi aka bar ganguna suna yoyo. A tsibirin Sant Lorens wata ma'aikaciyar lafiya ta ƙauyen Savoonga, Annie Alowa, ta yi shekaru tana kai kuka a kan wani barikin da soja suka bari kusa da inda danginta ke kamun kifi, har ta rasu a 1999. A 2002 aka kafa dokar ba da kuɗin gyaran irin waɗannan filaye, a 2018 kuma aka ɗauke wa 'yan ƙasa alhakin gubar da suka tarar.

To, ga yadda suke aikin. Da fari sai a rubuta sunayen wuraren da ake zargi. Ba na'ura ke fara nuna su ba, tsofaffin gari ne, gama su suka san inda aka binne ganguna, da inda ciyawa ta daina tsiro. Sa'an nan a ɗebi ƙasa da ruwa a kai a auna. Bayan haka jama'a su zauna su yanke abin da za a yi da wurin, domin tsabtar da za ta ishi filin ajiye kaya ba za ta ishi lambu ko filin wasan yara ba.

Kada wani ya ce wannan zancen wata duniya ne. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a Jihar Zamfara saboda gubar dalma. Dutsen zinariya aka riƙa niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsa ta gauraye da ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitoci suka ce magani ba zai yi amfani ba in yaro zai komo wa ƙasar da ta cuce shi. Saboda haka aka kankare ƙasar sama a Dareta da 'Yargalma da waɗansu ƙauyuka, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka gyara ta. Ita dalma kuwa ba ta ruɓewa. In an manta inda aka binne ta, wata rana wani zai haƙa wurin ya yi tubali.

Don haka ina roƙon malaman makaranta da akawuna, ku da Allah ya ba alƙalami, ku taimaki dagatai a buɗe littafi a kowane ƙauye. A rubuta inda aka taɓa niƙa dutse, da tsohuwar majema, da inda ake fasa batir, da inda aka binne ƙasa mai guba, tun masu sani suna da rai. Kowa zai ba da fili don makaranta ko rijiya, ya duba littafin nan tukuna. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma in an rubuta zai karanta.

Allah ya kiyaye mana zuriyarmu. Wassalam.

Naku,
Akawu