Tsohuwar Jif Da Hanyoyin Karkara: Ina Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Zuba Kuɗinsa?

Tun daga watan Yunin 2023 da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, sauya mota ya fi ƙarfin yawancin matsakaitan 'yan kasuwa. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon shekarar 2024, kuɗin fito na kwastan kuma ya bi sahu. Wannan ne ya sa masu sayen doya a Zaki Biam, da dillalan citta a Kachia, da fataken da ke hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, suka rungumi tsofaffin motocinsu ƙirar jif irin su Land Cruiser, Pajero da Patrol, waɗanda da yawansu sun ci fiye da kilomita 300,000.

Riƙe irin waɗannan motoci dabara ce mai kyau, domin da tsohuwar zuma ake magani. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake kashe kuɗin shirya su don hanyoyin laka da yashi. Sau da yawa mai mota kan fara da abin da ido ke gani: ƙaton bamba na ƙarfe, manyan tayoyi, da jerin fitilu a kan rufi. A ma'aunin tattalin arziki, wannan gini ne daga sama. Kamata ya yi kowace Naira ta fara zuwa inda za ta hana mota kwana a daji da kaya a cikinta.

Mataki na farko shi ne maido da lafiyar motar. A wanke lagireto, a sauya tsofaffin robobin ruwa da fanbel, domin zafin inji a kan hawa ko cikin yashi na cikin manyan abubuwan da ke kashe tsohuwar mota. A juye man giya da na aksul, a duba birki da bushin da shokazoba. Injunan da ke aiki da bel na taimin suna bukatar sabo bayan kilomita 100,000 zuwa 150,000, gwargwadon ƙirar injin. In ya tsinke a tafe, asarar na iya kaiwa ga sauke inji baki ɗaya. Haka kuma a gwada giyar ƙafa huɗu, wadda a motoci da dama ta shekara ba a taɓa ta ba.

Mataki na biyu shi ne taya, kuma a nan ne ya dace kaso mafi tsoka ya tafi. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi bayansa a Ikeja a 2008, farashin taya a ƙasar nan yana bin Dala ne sau da ƙafa, abin da ke tura mutane ga tayoyin gwanjo duk da cewa doka ta hana shigo da su. Amma araha ba ta ado. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Taya mai alamar A/T, daidai da girman da kamfani ya tsara wa motar, tana aiki a kwalta da burji, kuma ta fi ta laka zalla daɗewa da sauƙin mai.

Na uku shi ne kariyar ƙasan mota. Farantin ƙarfe da mai walda zai ɗaura a ƙarƙashin inji da tankin mai ba ya buƙatar kuɗin waje, kuma ana samun ƙarfen a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Akwai kuma ƙaramin aikin da ake rainawa: ƙara wa mashaƙar aksul dogon tiyo zuwa saman ɗakin inji. Aksul mai zafi in ya faɗa rafi yakan zuƙi ruwa, mai ya gurɓace, haƙoran giya su cinye. Tiyon 'yan Nairori ne ke toshe wannan ƙofa.

Na huɗu su ne kayan fitar da kai: shebur, igiyar ja mai ƙwari, jak da katakon ɗora shi, safayar taya mai lafiya, da famfon iska mai aiki da batir. Rage iskar taya a cikin yashi yana faɗaɗa takunta, amma sai da famfo za a mayar da iskar kafin hawa kwalta.

Game da ɗaga mota sama kuwa, santimita 5 ya wadatar. Wuce haka yana wahalar da gaɓoɓin ƙafa, yana kuma sa mota mai lodi saurin kifewa a kwana. Nauyin bamba da manyan tayoyi kuma a gidan mai ake biyan kuɗinsu. Bayan janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. A misali, motar da ke cin kilomita 30,000 a shekara, in ado ya ƙara mata lita 2 a kowace kilomita 100, mai ita ya yi asarar lita 600 ke nan.

Daga ƙarshe, wajibi ne a san inda za a tsaya. In tsatsa ta cinye shasi, ko kuɗin gyara ya doshi darajar motar, hikima ita ce a sayar. In kuwa ƙashinta na da ƙwari, to ɗan kasuwa ya ɗauke ta a matsayin jari, ya buɗe mata littafin lissafi, ya auna kowane gyara da tambaya guda: shin zai kai kaya kasuwa a kan lokaci?