LADABI A KURMI, TSIWA A GINDIN ZUMA

Akwai wata ɗabi'a da ta kama wasu daga cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi, wadda ya wajaba a faɗe ta a fili ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Mutum zai shekara goma a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun yana bin dokar masu gari sau da ƙafa. In ya kai iyalinsa kallon Dutsen Olumo a Abekuta, sai ya biya kuɗin ƙofa ba gardama, ya bi bayan ɗan jagora, inda aka ce kada a taka ba ya takawa. In ya shiga kurmin Oshun a Oshogbo aka gaya masa nan ba a su, ba a farauta, ba a saran itace, sai ya ce to, ya ja hannun 'ya'yansa kada su taɓa ko ganye. Amma ran da ya ɗauko hanyar gida hutun Salla, ya wuce Lakwaja, ya hango Dutsen Zuma tsaye a Madalla kusa da Suleja, sai ka ce an sake masa zuciya. A nan ne za a tsai da mota, a shimfiɗa tabarma, a ci a sha, a tashi a bar wa wurin leda da gwangwani da fasassun kwalabe. In akwai sauran rana sai a karkata ta hanyar Minna, a je kallon inda kogin Gurara ke faɗowa daga kan duwatsu, samari su tuɓe riguna su nufi ruwa. Wani ɗan ƙauyen ya yi ƙarfin hali ya ce kada a shiga, sai a dube shi sama da ƙasa a ce, "Kai wane ne? Nan ƙasarmu ce."

To, ai da yake ƙasarsu ce shi ya sa abin ya zama abin kunya. Baƙo in ya ɓata wuri gobe ya tafi. Ɗan gida fa, wa ya bar wa gyaran?

Bari a fara da Gurara, don a can ne wasa yake zama makoki. Ruwan yana faɗowa ne daga tsayin da ya kai kimanin mita 30, kuma kogin ba a nan ya faro ba, daga can wajen kudancin Jihar Kaduna yake gangarowa. Ma'anar wannan ita ce, ana iya tafka ruwan sama a wuri mai nisa alhali kuwa a bakin duwatsun rana ce tarwai, sai kawai mai wanka ya ga ruwan da yake iya gwiwarsa ɗazu ya kai masa ƙirji. Duwatsun da feshin ruwa ke jiƙawa kullum suna da gansakuka mai santsi kamar kuɓewa. A ƙarƙashin inda ruwan ke dukan ƙasa kuwa juyawa yake yi, yana jan abin da ya faɗa ciki zuwa ƙasa, ba ya turo shi gaɓa. Wanda ya koyi iyo a bakin teku a Ikko bai san wannan ba, amma Bagwarin da aka haifa a bakin kogin ya sani tun yana goye. Da rani, wajen Janairu zuwa Maris, ruwan kan ja baya har a sami wuraren da ake iya tsayawa lafiya. Da damina kuwa kallo ne kawai daga nesa. Wannan ita ce dokar da ake raina mai faɗarta don ba shi da takalmi mai tsada.

Haka Zuma. Dutse ne guda, sul, wanda ya tashi kimanin mita 300 daga gindinsa, yawancin jikinsa a miƙe yake kamar bango. Masu hawa suna da hanyarsu, suna da lokacinsu, ba su kuma hawa ba tare da wanda ya san wurin ba, balle in hadari ya haɗo ko dutsen ya jiƙe. Da hunturu kuma, guntun taba sigari ɗaya da aka jefa cikin busasshiyar ciyawa ya isa ya cinye dawar da wani talaka ya tara a gona, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Masu taurin kai suna da amsa biyu. Ta farko su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma malaman da suka karantar da ƙaddara su ne kuma suka karantar da cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a dogara ga Allah. Wanda ya jefa kansa cikin Gurara a watan Agusta bayan an gargaɗe shi, ba tawakkali ya yi ba, ganganci ya yi, ya kuma bar wa mahaifiyarsa jiran gawar da watakila sai bayan kwanaki za a tsinta.

Amsa ta biyu ita ce ta fi muni, don tana kama da kishin ƙasa. Sai su ce wai dokar gandun daji da kuɗin ƙofa da ɗan jagora duk kayan Bature ne, an ƙirƙiro su don a raba talaka da dajin kakanninsa. Ashe! Wane Bature ne ya naɗa Sarkin Ruwa? Wane Bature ne ya naɗa Sarkin Dawa? A Argungu, wurin nan da ake kira Matan Fada, ba mai jefa koma a cikinsa sai ran da hukuma ta buɗe, shi ya sa ran bikin ake fito da giwan ruwa wanda ƙato guda ba ya iya ɗauka. Bikin a yadda aka san shi ya faro ne a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, amma hana su a wani yanki na ruwa don kifi ya hayayyafa ya girmi bikin nesa ba kusa ba. Da Kabawa sun ce ruwan kowa ne, kowa ya shiga ran da ya ga dama, da yau ba abin da za a kai baƙi su kalla sai laka.

Zuma kanta da masu ita. Tun kafin Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birni, Koro ne ke riƙe da dutsen, da duhun daji kewaye da shi wanda ba a shiga sai da izini. Ba a ce a koma ga tsafin da aka yi a can ba, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne sarakunan Zazzau na Abuja, da ƙarfinsu da dawakinsu, sun san wurin yana da iyaka. Alhajin da yake ganin wannan duk al'ada ce, sai ya tuna ranar da ya ɗaura harami. An gaya masa a Makka ba a farauta, ba a saran itace, ba a cire ciyawa, ya kuwa kiyaye har yana tsoron taka fara. Addinin da ya koya masa wannan shi ne ya hana shi ɓata ruwa da inuwa da hanyar jama'a, ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka. Fasasshiyar kwalba a inda yara ke tafiya ba takalmi, in ba abin cutarwa ba ce mece ce?

Dokar gwamnati ba ta zo da wani sabon abu ba, rubutawa kawai ta yi. A Jihar Neja ɗin nan akwai gandun daji na ƙasa na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 da haɗa gandun Borgu da na Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Dokar 1999 wadda ke tafiyar da irin waɗannan gandaye ta hana shiga ba izini, ta hana farauta da kiwo da sa wuta da saran itace da gurɓata ruwa da shiga da makami. Kowace ɗaya da dalilinta. Sai dai a Kainji an ga abin da ke biyo bayan sakaci. Aka yi ta kau da kai ga mai tarko da mai gatari ana cewa ai ɗan kaɗan ne, ma'aikatan daji kuma ba yawa ba kayan aiki, har a 'yan shekarun nan 'yan bindiga suka sami mafaka a ciki. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dajin Allawa na ƙasar Shiroro gandun ƙasa, alhali mutanen yankin na gudun hijira daga gidajensu saboda 'yan ta'adda. Ba wanda ya ce mai jefa leda shi ya kawo ɗan bindiga. Abin da ake faɗi shi ne, dajin da aka saba raina mai tsaronsa ba ya daɗewa bai sami wani mai shi ba, wanda ba a yi masa tsiwa.

Amma fa kada mahukunta su karanta wannan su yi murmushi, don rabin laifin nasu ne, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. Zuma da Gurara ba gandayen Tarayya ba ne, suna hannun Jihar Neja da ƙananan hukumominta. A 1999 aka sa hoton Zuma a kan takardar Naira 100, ya yi ta yawo a aljihun kowa daga Anacha har Illela. Jihar da take alfahari da wannan, ai ba ta da hujjar barin matafiyi ya tsaya a gindin dutsen ya rasa inda zai zuba shara. Ba a iya tuhumar mutum da karya dokar da ba a rubuta masa cikin harshen da yake ji ba. Abin da ake bukata ba asiri ba ne: alluna da Hausa da Gwari da Turanci, har da ajami don dattawa; shinge a wuraren santsi a Gurara; a ɗauki samarin ƙauyukan da suka san ruwan aikin jagora da albashi da riga mai shaida, don mai riga ba a ce masa "kai wane ne"; duk kuɗin ƙofa kuma a ba da rasit, a bayyana wa jama'a inda ya shiga. Wakilan Suleja da Tafa da Gurara a Majalisar Dokoki ta Minna, wannan aikinsu ne, kuma masu jefa ƙuri'a suna da ikon tambayarsu.

Sarakunan Hausawa na Kurmi da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su ma suna da abin yi, domin su ake ji a tasha. Mil 12 da Shagamu da Sabon Badun, daga nan motocin ke tashi. In direba ya ce ba mai jefa leda ta tagar motarsa, ba mai jefawa. In Sarkin Hausawa ya sa liman ya faɗa a masallaci Jumma'ar da ke gaban tafiya, iyaye za su ja kunnen samari.

A 'yan shekarun nan Babbar Salla cikin damina take faɗowa, watau daidai lokacin da Gurara ke cika tana ruri. Motocin Kurmi za su iso cike da yaran da aka haifa a Ikko, waɗanda ba su taɓa ganin Zuma ba sai a jikin kuɗi, kuma abin da suka ga ubansu ya yi a gindinta shi za su yi. In ɗan ƙauyen Gurara ya ɗaga hannu ya ce yau ba a shiga, to, a mai da riga, a tsaya inda ya nuna.