Tikitin mai goyo ba wurin neman araha ba ne

1/ Yau da mazan da ke zaune a Landan, Toronto ko Kuala Lumpur nake, masu saya wa iyalinsu tikiti ta waya. Ka buɗe manhaja, ka danna mafi araha, ka tura mata hotonsa da "Allah Ya kawo ku lafiya". Ita kaɗai da yaro ɗan wata goma. Malam, ka ma duba awa nawa ne tsakanin jiragen biyu?

2/ Daga Kano, tafiya mai nisa kusan dole sai an canza jirgi: Addis Ababa, Alƙahira, Doha, ko a bi ta Abuja ko Legas a faɗa Istanbul. A wannan zangon na tsakiya ake cin wuyar tafiya da yaro. Kuma shi ne wurin da masu sayen tikiti ba sa kallo.

3/ Mu ɗauki canjin jirgi na awa ɗaya. A takarda minti 60 ne. Amma ana rufe ƙofar shiga jirgi kamar minti 20 kafin tashi. Saura 40. Mai goyo ba ta kutsawa cikin turmutsutsun fita, sai ta bari an ragu. Wani filin ma sai an zuba ku a bas. Sannan a sake bin layin bincike.

4/ A layin nan za ta sauke jaka, ta fito da fida da madara a duba, yaro na tsala ihu. Sai ga kashi ya ɓata masa kaya. Idan jirgin farko ya yi lattin minti 30 kacal fa? Shi ke nan. Kai kana gida kana kallon ƙwallo, kana jiran ta ce maka "mun shiga".

5/ Za ka ce ai kamfani ba zai sayar da abin da ba zai yiwu ba. Gaskiya ne, kowane fili yana da mafi ƙarancin lokacin canjin jirgi. Amma lissafin na babban mutum ne mai jaka ɗaya da ƙafa biyu. Ba a yi shi da mai sauya famfas ba.

6/ Ɗaya ɓangaren kuma: zaman awa 13 a fili da daddare, don an rage kuɗi. Babba ma yana galabaita, balle yaron da barcinsa ya rikice. Addis Ababa tana kan tudu sama da mita 2,300, darenta akwai sanyi. Kun taɓa tunanin wa zai riƙe mata yaro ta shiga banɗaki? Ta yi sallah?

7/ Ni dai ra'ayina: awa uku zuwa huɗu. Ta sauka a natse, ta wanke shi, ta shayar, ta ci abinci, ta yi sallah, ya ɗan yi rarrafe ya gaji, su shiga jirgi ya yi barci. Filin Hamad na Doha har wuraren wasan yara gare shi. Amfaninsu me ga wadda take gudu?

8/ Idan dogon zama ya zama dole, a tambayi otal. Ethiopian Airlines na bai wa masu jiran awa 8 zuwa 24 a Addis masauki bisa sharuɗɗansu. A tabbatar kafin a biya, kada a bari sai tana tsaye gaban kanta da yaro a kafaɗa.

9/ Babban ganganci kuwa shi ne tikiti biyu daban-daban, wannan kamfani zuwa can, wancan daga can. Idan duk tafiyar a tikiti ɗaya take, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sa ta a wani jirgin. Idan biyu ne, babu ruwan na biyun. Ba ta zo ba, kuɗi ya tafi.

10/ Kuma galibi sai ta fita ta ɗauki akwatuna ta sake aunawa. Fita na nufin shiga ƙasar, shiga ƙasar na nufin biza. Wadda ba ta da ita. Wannan arahar ta isa ta sa a hana ta hawa jirgi tun daga gida.

11/ Tunda an zo biza: mai fasfon Najeriya ko Ghana yana buƙatar bizar wucewa ko da jirgi kawai zai canza a Paris, Frankfurt ko Amsterdam, sai in yana cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada. Yaro ma fasfonsa daban, bizarsa daban, ko kwanansa arba'in.

12/ Masu zuwa Amurka: a filin farko da aka sauka ake bin layin shige da fice, yawanci a ɗauki kaya a sake miƙawa, kafin jirgin cikin gida. Bayan ta kwashe kusan awa 14 daga Doha. A nan ka ba ta minti 90? Haba ɗan'uwa.

13/ Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya, ba shi da kujera. Akwai ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bango, amma kaɗan ne, yana da iyakar nauyi, kuma sai an nema tun wuri. Kira ɗaya ne. Nawa cikinku suka yi?

14/ 'Yan'uwa mata, keken yaro da aka karɓa a bakin jirgi ba lallai a dawo muku da shi a zangon tsakiya ba, wani lokaci sai ƙarshen tafiya. Zani da majanyi su kasance a jakar hannu. Da famfas na kwana guda cur, da kayan canji nasa da naki. Ki ba shi nono lokacin tashi da sauka, haɗiya na rage masa ciwon kunne.

15/ Na san me za a ce: "Ka san farashin tikiti yanzu kuwa?" Na sani. Amma ka lissafa sabon tikiti idan ta rasa jirgi, da otal, da abincin filin jirgi. Araha ba ta ado. In kuɗin bai kai ba, ɗaga tafiyar da wata ɗaya ba abin kunya ba ne.

16/ Masu cewa "ai mata da yawa sun yi, ba abin da ya same su": kun tambaye su? Isowa da rai daban, isowa da mutunci daban. Yawanci shiru kawai suke yi don kada a ce sun raina ƙoƙarin miji.

17/ Kafin ka biya, ka kira ta ku duba tare: tikiti ɗaya ne? Awa nawa a tsakiya? Dare ne ko rana? Ana buƙatar biza? Kaya za su wuce kai tsaye? Ita za ta yi tafiyar, ita ta san lokacin barcin ɗanta. In ejan ne ke saya, ku yi masa tambayoyin nan, kar ku karɓi "ba matsala Alhaji".

18/ A tura wa angwayen bara da ke shirin ɗauko iyali bana. Matan da suka taɓa canza jirgi da goyo, ku faɗa mana awa nawa aka ba ku, a wane fili.