Kuɗin Amana da Shiga Kasuwar Kirifto ta Ɓarauniyar Hanya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ɗan'uwa mai karatu, tambaya ɗaya ta yawaita daga matasanmu na Takanamat da sauran garuruwan Adar da ke bida a Aljeriya da Najeriya: shin ya halatta mutum ya shiga kasuwar kirifto a ɓoye a ƙasar da hukuma ta toshe ta?

Ka fara sanin ƙasar da kake takawa. Aljeriya ta hana wannan hulɗa tun 2018, kuma a Yulin 2025 ta tsananta doka: saye, sayarwa, ko ajiye shi kawai a waya na iya jawo ɗaurin wata 2 zuwa shekara 1. Najeriya kuwa ta toshe shafin Binance a Fabrairun 2024, a watan Maris kamfanin ya daina hulɗa da naira.

Game da asalin kirifto malamai sun saɓa. Muftin Masar na lokacin, Shauki Allam, ya haramta shi, wasu sun halatta da sharuɗɗa. Saƙon waya ba zai raba wannan gardama ba. Abin da ya dame ni shi ne hanyar shiga. Mutum yana zaune a Tamanrasat, ya kunna VPN ya nuna yana Faransa, ya buɗe asusu da katin shaidar wani, sannan ya danna cewa ya amince da sharuɗɗa. Ko da ciniki halal ne, wannan ƙarya ce a cikin alkawari, alhali Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe. Ranar da kamfani ya gane ya rufe asusun, gaban wane alƙali za ka kai ƙara, da sunan wa?

Mafi nauyi shi ne sau da yawa kuɗin ba naka ba ne. 'Yan garinku sun tara jaka ashirin-ashirin na gumin aikin gini, sun damƙa maka domin ka isar wa iyayensu su sayi hatsi kafin damina, saboda kai ne "mai ilimin waya". A fiƙihunmu na Malikiyya, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba. Amma da zarar ya ƙetare abin da aka yi masa izini, lamuni ya hau wuyansa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, ta bayyana wannan a fili. Wasu na cewa ai ƙaddara ce. Ƙaddara ba ta sauke bashi.

Saboda haka, idan kana riƙe da kuɗin wani, ka sanar da shi hanyar da za ka bi da haɗarinta kafin ka taɓa ko dala. In bai yarda ba, ka aika ta hanyar da ya sani, ko da ladan aike ya fi tsada. Wanda kuma ya riga ya salwantar, ya rubuta adadin, ya kafa shaidu biyu, ya fara biya da abin da ya sawwaƙa.

Wallahu a'alam.