Ɗauki shamuwa tare da kukar da ta sauka a kai

Yau hirar tamu a kan ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji ne, musamman ga waɗanda ke karanta mu daga Galadi, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda.

Da yawa in sun ji an ce hoton namun daji, sai hankalinsu ya tafi Yankari, ko wurin Bature mai kyamara da dogon baki. Alhali a bayan makarantarku ma akwai abin ɗauka: balbela na bin garken shanu, zalɓe na tsaye a fadama, kurege na leƙe a bakin rami, ga cilakowa, hasbiya da damo. In damina ta kusa, wajen Afrilu zuwa Mayu, shamuwa kan iso daga kudancin Afirka ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jawo hoton har tsuntsu ya cika fuskar waya. Wayoyinmu ba su da ƙarfin haka, sai hoton ya fito dishi-dishi. Ko da ma ya fito, an yi asarar rabin labari. Shamuwar da ta cika hoto daidai take da ta ko'ina. Wadda aka ɗauka a kan kuka, ga rumbuna a ƙasa, ga hadari ya haɗo daga gabas, ita ce ta garinku. A gasar hoton namun daji da Gidan Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa duk shekara, akwai rukuni na musamman na dabba a cikin muhallinta, kuma akwai na 'yan shekara 17 zuwa ƙasa.

Irin wannan hoto shaida ne. Ku tambayi kakanninku yadda ungulu ke cika mahauta a da, sannan ku je ku ƙirga nawa za ku gani yau. Tun 2015 aka sanya ungulun da muka saba gani a cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma ta yi wuyar gani. Dabba kan ɓace ne in wurin zamanta ya ɓace: an sare itacen, an nome kurmin, tafkin ya ƙafe. Hoton da ya nuna zalɓe da faɗin ruwan da yake tsaye a ciki, nan da shekara 20 zai gaya wa na baya yadda fadamar take a yau. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996. Masu bincike suka riƙa ɗaukar hoton kowane ɗaya suna gane shi da zanen jikinsa, aka haɗa da kulawar mutanen ƙauyukan, har adadin ya haura 600.

To, yaya za a yi?

Fita da sassafe kafin hantsi, ko bayan la'asar. Lokacin hasken yana da taushi, tsuntsaye kuma suna kiwo. Ka ba rana baya, ka goge idon kyamarar da gefen riga, domin ƙurar hunturu na ɓata hoto.

Ka durƙusa har idonka ya yi daidai da na dabbar. Kada ka sa ta a tsakiya. Ka ajiye ta a gefe ɗaya, ka bar sarari ta inda ta fuskanta, domin a ga gona, ruwa ko itacen da ke gabanta.

Ka sa tufa marar ɗaukar ido, ka zauna shiru minti 15 ko 20. Tsuntsu in ya ga ba ka motsi, shi da kansa zai matso. Kada ka yi jifa don ya tashi, kada ka taɓa sheƙa ko ƙwai.

Ka rubuta rana, lokaci da wuri a bayan littafinka. Ka koma wurin a damina, kaka, hunturu da bazara, ka ɗauka daga inda ka tsaya a farko. Hotuna huɗun nan sun isa aikin ƙungiyar kimiyya ta makaranta.

Sai magana mafi muhimmanci. Duk mun san halin da yankinmu ke ciki. Babu hoton da ya kai ranka. Kada wani ya nufi dajin Dumburum ko na Sububu, ko wata gona mai nisa, da sunan neman tsuntsu. Ko bakin kogin Gagare ko Bunsuru ne, sai da izinin iyaye, tare da babba, a inda jama'a ke kai-komo. Kada a ɗauki jami'an tsaro, shingensu ko baƙuwar fuska. 'Yan mata kuwa, darbejiyar tsakar gida da harabar makaranta ma sun wadatar. Kurciya da ƙadangare ba sa neman a yi musu tafiya. In kuma ka dace da gauraka ko burtu, kada ka bayyana takamaiman wurin a Facebook, domin masu kamawa su sayar su ma suna kallo.

Wanda ba shi da waya ya ari ta yaya ko ta malami, ko ya zana da fensir. Mai data kuma yana iya ɗora hotonsa a manhajar iNaturalist, inda masana za su taya shi gano sunan abin da ya ɗauka.

Aikin wannan mako: hoto ɗaya na tsuntsu ɗaya, tare da wurin da yake. Ka tambayi wani dattijo sunansa da Hausa, ka rubuta a ƙasa, ka nuna wa malamin bayoloji da 'yan ajinku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.